Proclaimer: Akwatin da ke karanta Sabon Alkawari da harshen mutanen da nake yi wa hidima

'Yan'uwa da ke shirin fita aikin bishara sukan tambaye ni abin da ya kamata su sa a jaka. Amsata ta farko ita ce Proclaimer, muddin an riga an ɗauki Sabon Alkawari da murya a harshen mutanen da za su je wurinsu. Ƙaramin akwati ne da ake ɗauka da hannu ɗaya, cikinsa akwai littattafai 27 na Sabon Alkawari, surori 260, ana karanta su da murya. Ƙungiyar Faith Comes By Hearing ce ke yin sa. Cibiyarta tana Albuquerque a jihar New Mexico ta Amurka, an kafa ta a 1972, sunanta kuma daga Romawa 10:17 aka ɗauko shi, inda Manzo Bulus ya nuna cewa ta wurin ji ne bangaskiya ke samuwa. Nawa ba saya na yi ba, ta hannun ƙungiyar da ta aiko ni ya iso gare ni.

Batun wuta shi ne ya fara kwantar mini da hankali. A inda nake babu lantarki, amma akwatin yana da farantin sola a jikinsa, nawa kuma har da hannun da ake juyawa a samu caji idan gari ya yi hadari. Da hantsi nakan buɗe shi in jingina shi inda rana ke bugawa, kafin la'asar ya ƙoshi. Babu kaset ko faifai da za a cire, karatun yana zaune ne a cikin na'urar, don haka ƙura ba ta da abin da za ta ɓata, yara ma ba za su iya goge komai ba ko da sun yi ta latse-latse. Masu shi sun ce muryarsa tana iya kai wa taron mutum 300. Taronmu bai kai haka ba, amma wanda ya zauna can baya a fili yana ji tangaran, ko da iska tana kaɗawa.

Sai dai ba ƙarfin murya ba ne ya sa na riƙe shi kamar ido. Na zo ƙasar nan ina ɗan shekara ashirin da 'yan kai, na iya gaisuwa da tambayar hanya, amma wa'azi da harshen mutane wani abu ne daban. Kana da magana cike da ƙirji, bakinka ya kasa fitar da ita. Wannan nauyi ya sha kai ni ga gwiwoyina da dare. Ranar da muka fara saurare, na ajiye akwatin a kan kujera na danna Bisharar Markus, sai na ga fuskoki sun canza. Ba a ji baƙo yana fama da harshe ba, an ji 'ya'yan ƙasa suna magana. An yi karatun ne da muryoyi daban-daban, Yesu da tasa, Bitrus da tasa, taro yana hayaniya idan labarin na taro ne, ana jin motsin ruwa idan suna cikin jirgi.

Da muka kai sura ta 5, wurin matar nan da ta yi shekara 12 tana zubar da jini, wata dattijuwa da takan zauna kusa da ƙofa ta ɗaga hannu. Na tsayar. Ta ce, "Ɗana, mayar da shi baya." Na mayar. Da aka sake isowa inda Yesu ya kira matar 'yarsa, sai ta rufe fuska da gefen mayafinta. Daga baya ta tambaye ni, "To bai ji ƙyamarta ba?" Na ce, "A'a, Mama, bai ji ba." Iyakar abin da harshena ya iya faɗa ke nan, kuma ya isa, domin ta riga ta ji sauran da kunnenta. Tun daga ranar na gane aikina a rukunin masu sauraren nan: in kawo akwatin, in zauna cikin jama'a, in saurara tare da su.

Tsarin da aka ba mu shi ne a saurara kamar minti 30, sannan a tattauna. Shawarata, kada a yi gaggawar cinye surori. Wani lokaci misali ɗaya, kamar na mai shuka a Markus 4, yakan riƙe mu har duhu, domin manoma suna da abin faɗa a kan ƙasa mai duwatsu fiye da abin da na karanta a makarantar Littafi Mai Tsarki.

Ni kaina ya zama mini malami. Da asuba, kafin gari ya waye, nakan buɗe Littafi Mai Tsarki nawa na Hausa a cinya, in kunna sura guda a hankali, ina bi da ido ina ji da kunne. Ta haka na koyi yadda ake cewa gafara da alheri da tuba a harshen nan, da yadda ake karya murya idan ana roƙo. Addu'ata ta farko a bainar jama'a, rabin kalmominta daga Addu'ar Ubangiji na tsince su, a Matiyu 6. A ranakun da kewar gida ta yi mini yawa kuwa, Filibiyawa nake kunnawa, wasiƙar da Bulus ya rubuta yana ɗaure, nesa da waɗanda yake ƙauna.

Akwai abubuwan da ya kamata mai ɗaukarsa ya sani tun da wuri. Nawa Sabon Alkawari kawai yake ɗauke da shi, kuma da harshe ɗaya. Da muka shiga Ibraniyawa 7 aka ambaci Malkisadik, sai da na koma Farawa 14 na ba da labarin da bakina, haka ma batun hadayu da alfarwa. Saboda haka ka zo da shirin ba da labaran Tsohon Alkawari da ka. Neman aya ɗaya tak ma yana son haƙuri, an yi shi ne don a saurari sura daga farko, ba don a yi ta tsalle daga aya zuwa aya ba. Kuma akwati ba ya amsa tambaya. Idan wani ya ce, "Me ya sa Yesu ya la'anci itacen ɓaure?" kai za a kalla, don haka nakan saurari surar tun da rana in yi nazarinta kafin taro.

Ga wanda za shi birni, inda kowa ke da waya da intanet, manhajar Bible.is ta Faith Comes By Hearing tana ɗauke da irin waɗannan karatuttukan kyauta, ba lallai ya nemi akwati ba. Amma idan ƙauye za ka, inda karatu bai yawaita ba kuma wuta babu, ka tambayi shugabannin mishan ɗinka tun kafin ka tashi ko akwai shi da harshen wurin. Idan ka same shi, kada ya riƙa kwana a ɗakinka kullum. Nawa yanzu yana hannun wani saurayi daga cikin rukunin, shi ke kai shi ƙauyen da ke gaba da mu kowace Laraba, yana jagorantar tattaunawar da harshensa na haihuwa.