Faifan haske mai fuska biyar a hoton waje: gwaji a ranar Akra

Kayan da na gwada shi ne faifan nan mai naɗewa da masu hoto ke kira rifilekta, wanda ake mayar da haske kan fuska da shi, mai faɗin santimita 110, marar sunan kamfani, irin wanda ake samu a shagunan kayan kyamara. Zobe ne na ƙarfe mai lanƙwasa da aka ɗinke farin yadi mai shara-shara a cikinsa, sai riga mai zif da ake sa masa, mai fuska huɗu: fari, azurfa, zinare da baƙi. In an naɗe shi yakan koma kusan santimita 40. Na yi aiki da shi daga Maris zuwa Mayu, da lensi 50mm a kan ƙaramar kyamara, a unguwannin Nima da Kanda da lambun Legon a Akra, da kuma lambun Aburi da ke wajen gari.

Waɗannan watanni suna da nasu hali. Ƙurar hunturu ta wanke, ruwan farko ya sauka, ciyawa ta yi kore shar, furanni sun buɗe. Amma Akra tana kusa da tsakiyar duniya, digiri biyar da ɗoriya a arewa, don haka a farkon Afrilu rana kan tsaya daidai bisa ka da tsakar rana. Kwarmin ido ya yi duhu, inuwar hanci ta sauko kan leɓe, hula ko gwaggwaro su rufe goshi. Hotunan Sallah da ake ɗauka bayan an sauko daga Idi a filin Black Star, wajen ƙarfe goma zuwa sha ɗaya, duk wannan ciwon ke damunsu.

A nan ne tsakiyar faifan, wato yadin shara-shara, ya biya kuɗinsa. Cire rigar gaba ɗaya, a riƙe shi sama da kan mutum da kamar kamu biyu, tsakaninsa da rana. Yana rage hasken da mataki ɗaya ko ɗaya da rabi (mataki ɗaya shi ne ninka haske ko raba shi biyu), ya baza shi, inuwar ido ta narke. Iyakarsa dai daga ka zuwa ƙirji, na mutum ɗaya. In ka ja baya don ɗaukar tsayi, za ka ga rabin jiki a inuwa, rabi a rana. Bayan hoton ma zai fi fuska haske, saboda haka nemi bango mai duhu, kamar inuwar bishiyoyi.

Lissafin haske kuwa ba ya canzawa. A rana tsaka, ISO 100 (ƙarfin jin hasken kyamara) da f/16 (faɗin ƙofar lensi, ƙaramar lamba babbar ƙofa) suna tafiya da shata 1/100, wato kyamara ta buɗe na kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa. Ka buɗe lensi zuwa f/1.8 don bayan hoto ya narke, shata za ta nemi kusan 1/8000, alhali ƙananan kyamarori da yawa suna tsayawa a 1/4000. Hoto ya ƙone ke nan. Ko ka tsaya a f/2.8 da 1/3200, ko ka sa gilashin ND8 da ke rage mataki uku. Ni na fi son f/2.8 ko da babu wannan matsala, domin a nisan mita biyu, f/1.8 bai ba ka fiye da kusan santimita 11 na kaifi ba. Mutum ya ɗan karkata kai, ido ɗaya ya fito da kaifi, ɗaya ya dushe.

Da yamma aikin ya koma na fari da azurfa. Rana tana faɗuwa ƙarfe shida da 'yan mintuna, kuma a nan saukowa take yi kai tsaye, ba ta jan ƙafa, don haka lokacinka daga huɗu da rabi ne zuwa biyar da rabi. Sa rana a bayan mutum, ɗan gefe, ta zana masa haske a kafaɗa da bakin mayafi. Fuska za ta kasance ƙasa da bayan hoton da mataki biyu zuwa uku. Auna haske a kan wuri mafi fari da kake son ya tsira, sannan ka ɗago fuskar da faifai. Azurfa a nisan mita ɗaya da rabi ta ba ni mataki ɗaya zuwa biyu. Fari sai an matso da shi kusan kamu biyu kafin ya ba da rabin mataki ko ɗaya, amma haskensa ya fi laushi nesa ba kusa ba.

Inda aka fi yin kuskure shi ne tsayin riƙo. Yaron da ke taya ka, in hannu ya gaji, sai ya sauke faifan kan cikinsa, haske ya riƙa dukan fuska daga ƙasa. Ƙofofin hanci su haskaka, inuwa ta hau sama, mutum ya zama kamar wanda ya haska kansa da tocila. A riƙe shi daidai fuska ko sama kaɗan, gefen kyamara, a karkata har ka ga ɗigon haske a saman ƙwayar ido. Kuma kada a zuba azurfa kai tsaye cikin ido. A fara kai hasken gefe, a dawo da shi a hankali har bakinsa kawai ya taɓa fuska. In har yanzu ana ƙifta ido, ka ce, "Hajiya, a rufe ido, in na ƙirga uku a buɗe."

Baƙar fata da farar shadda a hoto ɗaya su ne babbar jarrabawa. Ma'aunin kyamara yana ƙoƙarin mayar da duk abin da ya gani ruwan toka, don haka in farar riga ta cika hoton sai ya rage haske, fuska ta nutse. Ka ƙara don fuska, aikin wuyan riga ya ɓace. Faifai ne ke raba wannan gardama, tunda fuska kaɗai yake ƙara wa haske. Kunna alamar da ke ƙyaftawa a inda hoto ya ƙone, ka rage har rigar ta daina ƙyaftawa, kuma ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, mai sauƙin gyara daga baya. Sai dai azurfa tana tona zufa. A zafin Afrilu goshi da hanci kan yi ƙyalli cikin mintuna kaɗan, don haka a riƙe hankici a riƙa dannawa, ba gogewa ba.

Zinare ban ga amfaninsa ba. Hasken yamma ya riga ya yi ja, ka ƙara masa zinare, fata ta koma ruwan manja. Baƙin yana da ɗan amfani ranar hadari, in an sa shi gefe ɗaya don fuska ta sami inuwa.

Akwai wani aiki da farin ke yi wanda ba a cika lura da shi ba. A kan sabuwar ciyawar Legon ko Aburi, kore yana tasowa daga ƙasa ya zauna ƙarƙashin haɓa da wuya, haka jar ƙasa ke yi da nata launin. Shimfiɗa farin a ƙasa gaban mutum, launin ya tafi. Ƙarƙashin dalbejiya kuma, inda rana ke ratsa ganye ta yi wa fuska dabbare-dabbare, shara-sharan ne magani.

Tsarin hoto kam ba aikin faifai ba ne. Raba mutum da furanni ko bango da mita huɗu zuwa biyar, ka sa ido a kashi ɗaya cikin uku na sama, ka bar wa gwaggwaro wurin numfashi. Duba bayan kai tukuna: falwaya, wayoyin lantarki, ko rawayan gefen tasi, wanda ko ya narke sai ya ja ido. A layin dogayen bishiyoyin da ke mashigar lambun Aburi, matsa gefe taku ɗaya don kada kututture ya tsiro daga kan mutum.

Aibinsa: ba shi da mariƙi, kuma iskar teku da ke tasowa da rana tana mayar da shi tanti, hasken ya yi ta rawa a fuska. Dole mutum biyu, sandar tsayarwa ba ta riƙe shi a waje. Zif ɗin ya fara cijewa tun watan farko, azurfar ta soma barewa a layin naɗi, zoben kuma ya nuna tsatsa da aka ajiye shi da danshi. A shanya shi kafin a mayar jaka. Mai ɗaukar mutum ɗaya zuwa ƙugu, ya saya, amma ya nemi mai mariƙi biyu. Mai hoton iyali ko ayarin ƙawayen amarya, santimita 110 ba za ta kai shi ko'ina ba, gara ya tara kuɗin filasha, wato fitilar kyamara.