Sharhi Kan Na'urar Taimaka wa Ji Mai Zama a Bayan Kunne

Raunin jin da ya same ni bai hana ni jin muryar mutum ba, sai dai ya hana ni rarrabe kalmominsa, musamman idan mace ce ko yaro ke magana. Gwajin ji da aka yi mini a sashen kunne, hanci da maƙogwaro ya nuna cewa sautuka masu siririn amo, irin su "s" da "f" da "sh", su ne suka fara kuɓuce mini, kamar yadda yakan faru idan shekaru sun ja. Bisa sakamakon wannan gwaji aka saita na'urar da nake amfani da ita, kuma a nan ta sha bamban da masu arahar da ake sayarwa a kasuwa, waɗanda suke ɗaga ƙarar komai baki ɗaya har ƙugin janareta ya danne maganar wanda ke gabanka.

An nuna mini ƙaramar da ke shigewa cikin kunne ba a ganinta, amma na zaɓi mai zama a bayan kunne, wadda aka auna ramin kunnena aka ƙera mata abin toshewa daidai da shi. Ta fi sauƙin riƙewa da gogewa, kuma tana aiki da batir mai lamba 13, wanda ya fi ƙaramin mai lamba 10 daɗewa. Na ƙi mai caji saboda halin da wutar lantarki take ciki. Batirin da iska yake aiki, don haka idan an ɓare takardar da ke manne a bayansa sai a ɗan jira minti guda kafin a saka shi. Ba a kuwa samunsa a kowane kanti, shi ya sa nake saye da yawa in ajiye.

A zaman hira na mutum biyu ko uku aikinta ya gamsar da ni ƙwarai, haka ma wajen sauraron rediyo. A taron ɗaurin aure ko cikin kasuwa kuwa sai a hankali, domin hayaniya tana cakuɗewa da magana. Takan yi fito idan abin toshewar bai zauna daram ba ko hula ta taɓa ta, kuma tilas in cire ta duk lokacin alwala saboda shafar kunne. Gumi da ƙurar hunturu suna cutar da ita, don haka take kwana a cikin kwalba mai tsotse danshi.

Da farko muryata ta riƙa yi mini kamar daga cikin randa take fitowa, sai da aka sake saiti sannan ta daidaita. Saboda haka, ko a Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna aka gwada ka ko a wani asibitin koyarwa, kafin ka biya kuɗin na'ura ka tambayi mai sayarwa ko sake saiti da gyara suna cikin farashin.