Kwamfutar tace bidiyo: abin dubawa kafin ka zaro riyal

Ɗan yayata ya ja ni wani shago a titin Khalid bin Walid da ke Jidda, ya tsaya gaban wata laftof mai fitilu ja da kore suna zagaya madannai. "Kawu, wannan ce," in ji shi. Na ce da wace manhaja za ka yi aikin, kuma da me kake ɗaukar hoton? Ya yi shiru yana sosa ƙeya. Aikinsa tallan abaya da turare na masu shaguna ne, sai bidiyon walima jefi-jefi, duk da iPhone yake ɗauka. Kuɗin da ya so zubawa a fitilu sun isa su saya masa abin da ya fi dacewa da shi har da canji.

Manhaja ce ke zaɓar kwamfuta, don haka da ita za a fara. Mai gajerun bidiyo na TikTok da Snapchat, CapCut ta wadatar da shi, kuma ba ta da cin ƙarfe, sai dai kullum ana ƙara tura abubuwanta masu daɗi ɓangaren biya. Premiere Pro ta Adobe ita masu tace finafinai da yawa suka saba da ita, amma haya ce: wata ya ƙare, ka biya, ka daina biya ta rufe. Final Cut Pro dala 299.99 ce sau ɗaya, amma ba ta aiki a Windows. Ni dai DaVinci Resolve nake nuna wa mai farawa. Ta kyauta tana fitar da bidiyo har 4K, wato hoto mai tsananin tsabta, ba tare da tambari a kai ba, gyaran launinta kuwa babu na biyunsa. Ta kuɗin, Studio, dala 295 ce, wato riyal 1,100 da 'yan kai tunda dala tana kan 3.75. Aibinta biyu ne: tana jingina sosai da katin girafik, wato sashen da ke sarrafa hoto, sannan a Windows ta kyautar ba ta buɗe wasu fayilolin kyamara masu launi 10-bit. Masu fasassun manhajoji da ake zuba wa mutum a bayan shago, a kiyaye. Ranar da aiki ya tsaya maka ana jibi biki, ba wanda za ka kama.

Sai batun Mac ko Windows, inda gardama ba ta ƙarewa a majalisa. Tun da Apple ta fito da furosesarta M1, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, a 2020, Mac ta zama gwanar bidiyon waya. iPhone na ɗauka da tsarin HEVC, wanda ke matse fayil ya yi ƙanƙanta amma ya wahalar da kwamfuta wajen warwarewa, Mac kuwa tana da sashe na musamman a cikin furosesa da ke wannan aikin. Batirinta yana kai ka nesa, kuma ƙarfinta ba ya raguwa don ka zare caja. MacBook Air mai furosesa M4 daga RAM 16GB ta fara; RAM shi ne wurin da kwamfuta ke riƙe aikin da take yi a lokacin. Amma ka sani ba ta da fanka ko ɗaya. A ɗaki mai na'urar sanyaya lafiya lau. In ka ɗora mata wa'azin awa biyu da azahar ɗin watan Yuli, za ta yi zafi ta rage gudu da kanta. Kuma RAM ɗinta a manne yake, yadda ka saye ta haka za ku rabu. Mai zama wuri ɗaya ya duba Mac mini, ta fi araha, tana da fanka, sai ya nemo mata allo.

Windows ta fi faɗi, nan ne kuma ake yin kitso da ƙwarƙwata. Mai shago zai ce maka "Core i7 ce", kamar ya gama magana. Sunan furosesar Intel ne, tambaye shi zuriya ta nawa: i7 ta 2017 ba ta kamo i5 ta bana. RAM kada ya gaza 16GB, in 4K ne abincinka na kullum ka nemi 32GB. Katin girafik na NVIDIA mai ƙwaƙwalwa 8GB, irin RTX 4060, shi ne daidai ruwa daidai tsaki ga mai Resolve; mai 4GB zai riƙa yi maka kukan ƙwaƙwalwa ta cika da zarar ka fara wasa da launi. Wanda zai harhaɗa ta tebur ya lura da furosesar Intel mai harafin F a ƙarshen lambarta. Ba ta da girafik na ciki, don haka babu Quick Sync, wanda shi ke sassauta wahalar bidiyon waya. Ragin da za a yi maka bai kai asarar ba. Alherin Windows shi ne ana buɗe yawancinsu a ƙara RAM ko SSD, wato faifan ajiya mai sauri, daga baya, wasannin kwamfuta kuma na tafiya a kai, in kana da wannan jarabar.

Wurin ajiya shi mutane ke mantawa har sai ya kama su. Minti ɗaya na 4K mai hoto 60 a daƙiƙa yana cin kusan 400MB a iPhone, awa guda 24GB ke nan. Kwamfuta mai 256GB, bayan manhajoji sun ɗebi rabonsu, walima uku sun cika ta. Nemi 512GB aƙalla, ka ware kuɗin SSD na waje mai 1TB don aikin da ke hannu, da babban had-disk mai arha don adana wanda aka gama. Na taɓa rasa hotunan ɗaurin aure sukutum saboda kwafi ɗaya na ajiye, faifan ya faɗo daga kan tebur. Har yau ina sauya hanya in na hango uban amaryar.

In aljihu bai kai ba, akwai na hannu a Haraj, kasuwar gwanjo ta Saudiyya. Je ka da filashi ɗauke da bidiyonka mafi nauyi, ka buɗe a gaban mai ita, ka bar ta tana aiki minti 15 kana sauraron fanka, hannunka a ƙasanta. Duba lafiyar batir. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance sai Intel zuriya ta 8 zuwa sama, don haka duk wadda ta gaza nan a bar wa mai ita. Mac ta hannu kuwa, kada ka miƙa ko halala, wato kwabon riyal, sai ya fita daga asusunsa na Apple kana gani. Tsohuwar kwamfuta ma tana iya 4K in ka koyi yin kwafi mara nauyi da ake kira furoksi: ka yi yanka da shi, wajen fitarwa manhaja ta koma kan na asali.

Sabuwa a manyan shaguna irin Jarir ko eXtra, farashin da ke jiki ya haɗa da harajin kashi 15, kuma ana ragi sosai wajen Ranar Ƙasa ta Saudiyya, 23 ga Satumba, da kuma a Nuwamba. Ajiye rasiɗi saboda garanti. Mai niyyar komawa da ita gida Kano ko Damagaram ya sa wuta a lissafi: ta tebur sai da inbata ko sola, laftof kuwa batirinta ne garkuwarta, kuma kayan gyaran HP, Dell da Lenovo sun fi na Mac sauƙin samu a can.

Ɗan yayar nawa MacBook Air mai 512GB ya ɗauka, da SSD na waje. Muna fitowa ya sake waiwayar mai fitilun. Na ce masa ya fara gwada rubuta ƙ da ɗ da ɓ a kan bidiyo tukuna, don ba kowane salon rubutu ke ɗauke da su ba. Na Noto Sans yana da su duka, kuma kyauta ne.