Fitar Lahadi ko ta Laraba? Sharhi a kan kulob ɗin keken nan na Garwa

Kulob ɗin da ake magana, 'yan keken Garwa, a arewacin Kamaru, sun san shi, ba sai an kama suna ba. Fita biyu suke yi a mako: ta Lahadi bayan sallar asuba, wadda kowa da kowa yake shiga, a kan kai mutum 30 har da ɗoriya, sai ta Laraba da ba ta wuce mutum 6 zuwa 8. Kuɗin wata ɗaya ne, ka bi wadda ta yi maka. Wata uku ke nan ina biya.

A fara ba babban ayari haƙƙinsa. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, hanyar garin Pitowa da ake bi ranar Lahadi kuwa can ta dosa, wato duk kilomita 15 ɗin nan a ƙirji iska take dukan mutum. Wanda ya laɓe a bayan tayar wani, idan ana gudun kilomita 30 a awa, yana rage wa kansa wajen kashi ɗaya cikin uku na wahala, na tsakiyar ayari ma ya fi haka samun sauƙi. Shi ya sa za ka ga dattijo a kan tsohon keken ƙarfe yana tafe kafaɗa da kafaɗa da samari, har da hira. Direba ma ya fi saurin hango taro a kan mutum ɗaya tilo a bakin kwalta. Da a nan maganar ta tsaya, da na ce kowa ya je ya yi rajista.

To amma Lahadi ranar kasuwar Pitowa ce, kuma har yau ban gane wanda ya ga dacewar tura mutum 32 kan wannan hanya a wannan rana ba. Ku yi lissafin da kanku. An jera bibbiyu, sahu 16 ke nan. Keke ya kusa mita 2, ga tazarar rabin mita tsakanin taya da taya, ayarin ya kai mita 40, ya fi tirela biyu tsawo. Idan aka koma layi ɗaya don a ba mota hanya, mita 80. Babbar motar auduga da ta biyo baya ba ta iya wuce wannan a numfashi ɗaya. Ko dai ta yi ta hon a bayanku, ko ta fara wucewa, wata ta ɓullo daga gaba, ta matso ta yanke ayarin a tsakiya.

Ranar da aka yi hatsari a fitar Lahadi, ba mota ce ma ta jawo ba. Ana dab da shiga gari, ɗan kilando, wato mai babur na haya, ɗauke da buhunan albasa ya fito daga wata 'yar hanya ta dama, ga kuma rami a gefen kwalta. Jagaba ya ga ramin, ya kauce, bai nuna da hannu ba. Sahu na biyu suka ɗan taɓa birki. Abin da sabon shiga bai sani ba shi ne, birkin da aka taɓa kaɗan a gaba, kafin ya kai sahu na goma ya zama taka birki na gaske, domin kowane mutum sai ya ga na gabansa ya rage tukuna shi ma ya rage, jinkirin yana taruwa sahu bayan sahu. Ga kekunan ma ba iri ɗaya ba: wannan VTT, wato keken hawan duwatsu, mai birkin faifai da ke tsayawa cak, wancan keken tsere mai siririyar taya da robar birkinsa ta cinye. Wani yaro ya bar tayarsa ta gaba ta shige gefen tayar bayan na gabansa kamar taƙi ɗaya. Na gaban ya goce wa ramin, tayoyi suka gogi juna. A irin wannan kullum na baya ne yake faɗuwa, saboda tayar gaba ita ke riƙe da daidaiton keke, da an ture ta gefe shi ke nan. Ya faɗi, uku suka hau kansa.

An ci sa'a ba karaya. Gwiwar hannu ta saɓule, hular kwano ɗaya ta tsage, taya ɗaya ta lanƙwashe kamar faifan da aka zauna a kai, ɗan ƙarfen da ke riƙe da giyar baya na wani keke ya karye. Duk wannan tsautsayi ne, ana iya yafewa. Abin da ya ƙona rai shi ne na gaba ba su ma san an faɗi ba. Sun yi gaba abinsu, sai a cikin kasuwa suka waiga suka ga ayari ya ragu. Babu mutum ɗaya da aka ɗora wa aikin zama a ƙarshe, babu famfo a hannun waɗanda suka tsaya, sai da aka tare mai a-kori-kura aka loda kekuna biyu. Wani dattijo ya ce wa madugun, "Malam, yaran nan amana ce iyayensu suka ba ka." Amsar da ya samu: "Baba, a yi haƙuri, hanya ce." Ba hanya ba ce, rashin tsari ne. Dambu ne ya yi yawa, bai ji mai ba.

Ta Laraba wata duniya ce. Mutum shida, layi ɗaya, kowa ya ja gaba minti 1 zuwa 2, ya zame hagu bayan ya waiga, ya koma ƙarshe ya huta sau biyar kafin layi ya sake zagayowa kansa. Idan jagaba ya ce "rami!" na ƙarshe da kunnensa yake ji, ba sai saƙo ya bi ta baki goma ba. Mota kuma sau ɗaya take wuce ku. Bayan fita biyu ka san wanda yake karkata in zai sha ruwa, da wanda kekensa ke ja baya in ya miƙe tsaye a kan feda, sai ka ba shi tazara.

Kada dai a ɗauka nan ma ba aibu. In biyu suka makara, ku huɗu ne da iskar hunturu, ba wurin ɓuya, wanda ya fi rauni kafin rabin hanya ya gama yawo. Akwai kuma mai ƙarfin da in layi ya zo kansa sai ya fizge, gudu ya tashi daga 28 zuwa 35, wanda ya sauka daga gaba yanzu-yanzu a gajiye ya kasa kama wutsiya. Wannan hali ya fi ɓata ƙaramin ayari a kan komai, kuma kulob ɗin ba ya tsawatarwa. Faci ma na kowa ne. Tsidau ya huda taya ɗaya, duka ku tsaya minti 10. A nan ne ake gane wanda bai hura tayarsa ba: taya mai faɗin milimita 25 tana son iska wajen bar 6 a ma'aunin famfo, in ta gaza haka ta daki bakin rami, ƙarfen taya ya cije tub ɗin, huda biyu gefe da gefe kamar saran maciji. Kafin a sa sabon tub a bi cikin tayar da yatsa a hankali, in ba haka ba ƙayar tana nan, a sake zama bayan mita 200.

Na so in ce an yi kunnen doki, sai na tuna maganar ruwa. A Maris da Afrilu zafin Garwa yana haura digiri 40, duk mai hankali yana son ya kasance a gida kafin ƙarfe 9. Gora biyu masu cin mililita 750 ba sa wuce awa biyu. Mutum shida su tsaya a shago, minti 5 sun cika gora sun tashi. Mutum 30 kuwa, wannan yana neman canji, wancan ya shiga bayan gida, wani ya zauna wurin mai shayi, a ci minti 25 ƙafafu sun yi sanyi rana ta take. Lokacin da aka samu a laɓe bayan taya duk a nan yake zubewa.

Gyaran ba ya cin ko dala. A raba fitar Lahadi gida uku, mutum 10 zuwa 12 kowanne, gwargwadon gudu ba gwargwadon abota ba, masu sauri su fara tashi, a bar minti 3 tsakani. Kowane rukuni da jagabansa da mai kora a baya, shi mai korar ya riƙe famfo, tub biyu, ƙarafan cire taya, makullan alan (na kwance kusoshin keke) na 4 da 5 da na 6, da lambar wayar jagaba. Sabon shiga ya bar mita ɗaya cur tsakaninsa da na gaba har sai hannunsa ya faɗa. Ranar kasuwa kuma a bar Pitowa ta huta, a haye gadar Binuwai a nufi Ngong, masu dogon numfashi su zarce Lagdo in sun shirya ruwa.

An faɗa wa 'yan kulob ɗin wannan a taron wata, kowa ya gyaɗa kai. Lahadin da ta wuce mutum 29 suka tashi a dunƙule, hanyar Pitowa, yaron nan da bandeji a gwiwar hannu yana sahu na goma sha ɗaya. Kuɗin wata zan ci gaba da biya saboda Laraba.