Sharhi: Gidan tarihin Weald & Downland, inda ake ceton tsofaffin gidajen gona na katako a Ingila

Duk wanda ke Ingila, ko ya zo ziyara, kuma yake da sha'awar gini ko aikin kafinta, ina ba shi shawara ya ware wuni guda ya je Weald & Downland Living Museum. Yana ƙauyen Singleton, arewa da birnin Chichester a yankin West Sussex. Na je, na biya kuɗin shiga, na zaga da ƙafata har yamma, kuma ban yi da-na-sanin ko kwabo ba.

Wurin fili ne mai kimanin eka 40, da gine-gine sama da 50 da aka kwance daga inda suke tun asali aka sake ɗaura su a nan. Wani malami mai suna Roy Armstrong ne ya jagoranci kafa shi a 1967, aka buɗe wa jama'a a 1970. A lokacin ana ta rushe tsofaffin gidaje a kudu maso gabashin Ingila don hanyoyi da sababbin unguwanni da tafkunan ruwan sha, shi kuwa da abokan aikinsa suka ga idan an kasa hana rushewar, to aƙalla a tsira da gangar jikin ginin.

Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne yadda aka yi ginin tun farko, kuma a nan na fi daɗewa. Ƙashin yawancin gine-ginen na oak ne, wani itace mai ƙwari. Kafinta zai fafe rami a jikin ginshiƙi, ya sassaƙe bakin wani katakon daidai ramin, ya zura, sannan ya huda su tare ya buga ƙusar itace. Da ɗanyen itace suke aiki, domin ya fi sauƙin sassaƙa, yana bushewa kuma mahaɗin na ƙara kamewa. Ana harhaɗa kowane bango a kwance a filin kafinta, a yi wa kowane katako lamba, a warware, a kai wurin gini a tayar. Wani dattijo daga cikin masu aikin sa-kai ya nuna mini waɗannan lambobi, irin ƙidayar Rumawa, an zana su da kaifin ƙarfe a gefen mahaɗi. Na sa yatsa a cikin tsagar. Hannun mutumin da ya rasu ɗaruruwan shekaru da suka wuce ne ya yi ta, kuma har yau tana nan raɗau. Idan aka zare ƙusoshin itacen, ginin zai kwance gaɓa-gaɓa kamar yadda aka haɗa shi.

Gidan da kowa ke tururuwar gani shi ne Bayleaf, gidan manomi mai rufin asiri na farkon ƙarni na 15, wanda aka ɗauko daga Chiddingstone a yankin Kent saboda aikin tafkin Bough Beech a ƙarshen shekarun 1960. Tsakiyar gidan babban zaure ne da ya tashi tun daga ƙasa har rufi, ba bene a samansa. Murhu yana tsakiyar daɓe, babu bututun hayaƙi, sai dai hayaƙin ya tashi ya nemi hanyar fita ta rufi. Tagogin ba su da gilashi, sanduna ne da marufin katako. Ranar da na je an hura wuta, idona ya yi yaji, rigata ta kama ƙauri, kuma da na ɗaga kai na ga katakan sama sun yi baƙi ƙirin da kunkunniya. Tsakanin ginshiƙan kuwa, saƙar sanduna ce aka yaɓe da laka mai haɗe da ciyawa, aka shafe da farar ƙasa. A gefe biyu na gidan akwai bene, ɗakunan sama sun ɗan zarce na ƙasa ta gaba. Kusa da shi an kafa wani ɗakin ajiyar amfanin gona da aka kawo daga Cowfold, wanda masana suka gano shekarunsa ta hanyar nazarin zoben da ke cikin katakonsa, suka ce na 1536 ne. Ƙofofinsa suna fuskantar juna, tsakaninsu masussuka ce, iska ta ratsa ta kwashe ƙaiƙayi lokacin sheƙa.

Ginin da ya fi taɓa mini zuciya ƙarami ne: ma'ajiyar hatsi daga Littlehampton, ta 1731. An ɗora ta a kan duwatsu masu faffaɗan kai, yadda ɓera zai hau ya iso ƙarƙashin kan dutsen ya rasa hanyar wucewa, danshin ƙasa kuma ba ya kaiwa ga hatsi. Duk wanda ya taso a ƙauyen Hausa ya san rumbu a kan duwatsu yake zama, kuma dalilin ɗaya ne. Na tsaya ina kallo ina mamakin yadda ɓera da laima suka koya wa manoman da ba su san juna ba dabara guda.

Akwai kuma injin niƙa mai aiki da ruwa daga Lurgashall, wanda har yanzu yana niƙa alkama, da gidan Longport da aka tayar daga kusa da Folkestone saboda aikin hanyar jirgin ƙasa ta ƙarƙashin teku zuwa Faransa. Waɗannan na ratsa su da sauri.

Sai dai akwai abin da ya tsaya mini a rai, kuma ba laifin gidan tarihin ba ne. Ginin da aka raba da gonarsa ya yi rashi. Bayleaf ya tsira, amma ƙasar da aka gina shi a kanta, da hanyar da shanu ke bi, da maƙwabtansa, duk ba su biyo shi ba. Shi ya sa masu kare gine-gine a Ingila suke ɗaukar ƙaura a matsayin mataki na ƙarshe. Tun 1877 William Morris, mai zane kuma marubuci, da abokansa suka kafa SPAB, ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine, suna kira da a riƙa gyara tsohon gini kaɗan-kaɗan a inda yake. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, dokar tsara birane ta 1947 ta ƙarfafa tsarin rajistar gine-gine masu tarihi. Yau matakai uku ne, na I, wanda ya fi daraja, da na II* da na II, kuma sama da kashi 90 cikin 100 suna mataki na II. Wanda ya rushe ko ya sauya fasalin gini mai rajista ba tare da izinin ƙaramar hukuma ba ya aikata laifi a gaban doka.

Rajista dai ba ta toshe yoyon rufi. Tun da injinan girbi suka zo, manomi bai da buƙatar masussuka, tarakta kuma ba ta shiga ta tsohuwar ƙofa, ga gyara da tsada. Ginin da ba a amfani da shi ruwa ne ke fara cinsa, daga nan ƙwari su kama katakon da ya jiƙe. Da yawa an mai da su gidajen zama, musamman bayan sassaucin da aka yi a 2014 kan sauya gine-ginen gona marasa rajista. Ni ban ƙi hakan ba, domin ya fi rugujewa, amma ina jin takaici idan aka yayyanka babban fili guda zuwa ƙananan ɗakuna har rufin ya ɓace wa ido. Gyaran ganganci ma yana kashe su: siminti yana riƙe danshi a jikin katako har ya ruɓe, alhali farar ƙasa tana barin bango ya sha iska.

Don haka ne nake ganin mafi darajar abin da wurin ke yi shi ne koyarwa. A cikin wani gini na zamani da ake kira Downland Gridshell, wanda aka kammala a 2002 da siraran katakan oak da aka lanƙwasa suka zama rufi mai tudu-tudu, akwai filin da ake shimfiɗa ƙashin gini a gyara shi. A ƙasansa kuma ma'ajiya ce ta dubban kayan aikin gona da na sana'a. Suna ba da gajerun kwasa-kwasan aikin katako irin na da, har da karatun digiri na biyu kan kula da irin waɗannan gine-gine. Kafintan da ya koyi yanke ruɓaɓɓen ɓangare kaɗai ya dasa sabo, ya bar sauran tsohon katakon, shi ne zai koma ya ceci wani ginin a gonarsa, ba sai an kwaso shi nan ba.

Ga mai niyyar zuwa: jirgin ƙasa daga Landan yana kaiwa Chichester, daga nan a hau bas mai zuwa Midhurst, yana bi ta Singleton. A sa takalmi mai ƙwari domin akwai hawa da gangara, idan an yi ruwa kuma akwai taɓo. A fita da sassafe, a tambayi lokacin zagayen Gridshell tun a bakin ƙofa, kuma kada a ji nauyin yi wa masu aikin sa-kai tambaya. Yawancin abin da na fahimta game da mahaɗin katako daga bakinsu na ji shi.