Yaya, Kada Ki Zubar da Fasasshen Tangaran Ɗin Inna

Yaya, ina gaisuwa da fatan kin tashi lafiya, ke da maigida da yara. Kin tambaye ni 'yan kunnen da kika gani a hotona na Sallah, ko gwal ne. Ba gwal ba ne, fasasshen faranti ne.

A nan Kyoto ta ƙasar Japan akwai kasuwar tsofaffin kaya da ke ci ran 21 ga kowane wata a harabar Toji, wani tsohon wurin ibadar 'yan Buddha. Tun da asuba ake baza kaya, kamar Kurmi ta tashi ta zo nan, sai dai babu mai jan hannunki. A can na tsaya gaban wata dattijuwa da ta jera tsingaro a kan baƙin ƙyalle, kowane bai wuce farcen babban yatsa ba, fari tas da zanen shuɗi. Wani rabin fure, wani fiffiken tsuntsu. Ta ce tangaran ɗin Arita ne, garin da aka fara yin irinsa a Japan wajen 1616, bayan an gano farin dutsen da ake niƙawa a yi shi. A da, daga tashar ruwan Imari ake lodinsa zuwa Turai, shi ya sa sunan Imari ya bi shi.

Aikin ne ya kama ni. Sai ta zaɓi inda zanen ya fi kyau ta yanka, ta goge bakin har ya daina kaifi, sannan ta shafa masa urushi, wani danƙon itace, ta barbaɗa garin zinariya. Danƙon nan rana ba ta busar da shi, laima yake so, don haka a akwati mai danshi ake ajiye shi, a shafa, a jira, a sake shafawa, har makonni. Ɗanyensa kuma yana sa ƙaiƙayi mai tsanani; ta nuna mini tabo a wuyan hannunta. Da wannan dabarar suke ɗinke kwanon da ya fashe, suna ce mata kintsugi. Ina kallonta, gyartan da ke zuwa ƙofar gidanmu ya faɗo mini a rai, yana ɗinke ƙwaryar Inna a kan kuɗin da bai kai na goro ba.

Yen 4,000 na biya, bayan ta ɗan rage mini. A kanti kuwa babu taya, abin da aka rubuta shi ne. Ki kwatanta: a shagon Daiso sabon kofi yen 110 ne har da haraji. Wahalar hannu ake saye a nan, kuma ba a jin kunyar sa mata kuɗi. Sai dai a yi hattara, wasu roba ce da garin tagulla suke shafawa, amma idan kin tambaya za su gaya miki gaskiya. Ta naɗe mini su a takarda mai laushi, ta saka a ɗan akwati, ta rubuta yadda zan kula da su.

Ta wajen sauri kam maƙeran farinmu sun fi su. Da maƙalin ɗaya ya karye, wani shago ya ce in dawo bayan mako uku. A gida kina zaune a benci za a liƙa miki, ki tashi da abinki.

Akwai ma mata a Ishinomaki, garin da igiyar ruwan 2011 ta ragargaza, da suka riƙa tsince fasassun kwanuka daga baraguzai suna yin sarƙa da 'yan kunne. Nozomi suka sa wa aikin, wato kyakkyawan fata. Da na ji labarin sai da na yi hawaye.

Shi ya sa nake roƙonki. Tangaran ɗin jeren Inna mai jan fure, wanda kika ce ya faɗo daga kabet, ki tattara shi duka har ƙananan, ki naɗe a tsumma. Idan Allah ya kawo ni da rani zan taho da danƙon, mu nemi maƙerin da zai yi mana maƙalin azurfa. Ina so ni da ke da Auta kowa ta samu guda.

A gaida Baba da kyau.