Maganin Ciyawar Da Ka Ce In Aiko Daga Amurka

Assalamu alaikum Yaya. Ina fatan kuna lafiya, da Hajiya da yara. Na ga hotunan filin gidan nan na Rijiyar Zaki, ciyawar ta kama, ma sha Allah, sai dai ga fasa-ƙabba da tsidau sun fara cin gefen katanga. Ka ce in aiko maka da irin maganin da Turawa ke fesawa ya kashe haki ya bar ciyawar ado. Ba zan aiko ba, Yaya. Ba rowa ba ce: ba a yarda a sa irin wannan guba a kayan jirgi, kuma abin da kake nema yana nan Kano, wurin masu sayar da magungunan gona.

A nan Houston ciyawar ƙofar gida ba abin wasa ba ce. A unguwanni da yawa akwai ƙungiyar masu gidaje, idan ka bar filinka ya zama jeji sai ta aiko maka da takarda, in ka yi kunnen ƙashi tara ta biyo baya. Shi ya sa manyan kantuna irin su Home Depot da Lowe's suke ware layi guda cur don maganin ciyawa kaɗai. Abin da ya ba ni dariya shi ne ɗaya daga cikin ciyawar da suke lallaɓawa, wadda suke kira Bermuda, kiri-kiri ce, wadda manoman Kura ke kwana suna yaƙi da ita.

Idan ka duba jikin kwalaben nan, kusan sunaye uku za ka yi ta gani: 2,4-D, dicamba da mecoprop. Na farkon tsoho ne, tun wajen 1945 yake kasuwa, kuma shi ne masu noman shinkafa a Kadawa ke fesawa. Yana shiga ta ganyen hakin da ya riga ya tsiro, ya kwaikwayi sinadarin da ke sa tsiro girma, sai tsiron ya yi ta girma ba tsari, kara ya murɗe, ganye ya nannaɗe, cikin mako biyu zuwa uku ya mutu. Dangin ciyawa masu siririn ganye, irin kiri-kiri da shinkafa da masara, suna iya jure shi. Masu faffaɗan ganye ne ba sa sha. To ka ga magani ɗaya ne, can da nan.

Inda muka rabu da su shi ne takardar da ke jikin kwalbar. A nan hukumar kare muhalli ta EPA ce ke yi wa kowane magani rajista, kuma saɓa abin da aka rubuta a jikinsa laifi ne a dokar tarayya. An rubuta irin ciyawar da ya dace da ita, da awon da za a zuba, da faɗin filin da zai isa, da lambar da za ka kira idan yaro ya sha. Wata ciyawar da ta cika gidajen Houston, St. Augustine, 2,4-D na iya ƙona ta, kuma takardar za ta gaya maka tun kafin ka biya kuɗi. Na amfanin gida ma a nan sau da yawa a tsarme ake sayar da shi, da kan feshinsa a jiki, ka ɗauka ka fesa kawai. Wanda za ka samu a Kano kuwa na manomi ne, mai kauri, an yi shi don kadada-kadada. Murfi ɗaya da ya yi yawa a cikin injin goyo ya isa ya mayar maka da fili ja. Don haka kada ka karɓi awon "zuba murfi uku" daga bakin kowa. Ka karanta da kanka, ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ka sa sirinji ka auna.

Kuma don Allah ka faɗi sunan abin da kake so. Idan ka ce "maganin ciyawa" kawai, ana iya miƙo maka glyphosate, wanda ba ya tambayar kowa, duk kore yake kashewa, har ciyawar da ka sha wahalar ba ta ruwa. Mafi muni a miƙo maka paraquat. Tarayyar Turai ta hana shi tun 2007, a nan Amurka sai mai lasisi ke taɓa shi, domin kurɓa ɗaya na iya kisa kuma ba shi da makari. Duk wanda ya tsiyaya maka magani a gorar ruwa ko ta lemo, ka bar masa kayansa. A gidan da yara ke buɗe kowace gora, wannan ba arha ba ce.

Sai maganar lokaci, wadda ita ce ta fi damuna da Kano. Takardun nan kan ce kada a fesa idan zafi ya haura wajen digiri 30. A bazara rana ba ta gama ɗagowa ba mun wuce nan. Da zafi ciyawar kanta a wahale take, sai maganin ya ƙona ta, wani nau'in kuma ya tashi kamar tururi ya faɗa gonar maƙwabci. Nemi wanda aka rubuta amine a jikinsa, ya fi zama inda aka ajiye shi. Ka fesa bayan asuba, iska a kwance, lokacin da hakin yake ƙarami yana tsaka da girma, kuma ranar da babu hadari, don ana so ya yi yini da kwana ruwa bai wanke shi ba. Da iskar hunturu kuwa kada ma ka fara. Kada a yanke ciyawar kwana biyu kafin feshi da kwana biyu bayansa, saboda ta ganye maganin ke shiga. Kuma ba duk filin za a yi wa wanka ba, kan hakin kawai.

Akwai abin da takardar Bature ba za ta gaya maka ba, domin ba a rubuta ta don gidanmu ba. Su abin da suke kira haki ba su da wani amfani da shi. Mu kuwa tafasa da lalo da zaƙi-banza duk masu faffaɗan ganye ne, kuma miya ne da kwaɗo. Zogalen Hajiya da ke bayan kicin, da yakuwa da tumatir ɗin mai gadi, a wurin 2,4-D ba su da bambanci da tsidau. Tumatir ma ɗan burbushin da iska ta kwaso ya isa ya nannaɗe masa ganye. Dicamba kuma yana bin ƙasa ya shiga saiwa, saboda haka kada ya kusanci gindin mangwaro ko gwaiba. Ka gaya wa mutanen gida da bakinka cewa babu mai tsinkar ganye a filin nan bayan feshi, kuma yankan farko da na biyu ba na ragon layya ba ne, ba na takin lambu ba.

Masu yin wannan sana'a a nan kamfanoni ne masu lasisi, su zo da mota, su fesa, su bar maka takardar abin da suka zuba, wasu har su kafa 'yar tuta a filin. Kuɗinsu ba kaɗan ba ne, ni dai da hannuna nake yi. A can na san mai gadi za ka sa, to ka saya masa safar hannu ta roba, da takalmin ruwa, da tabarau, ya sa riga mai dogon hannu da wando, ba silifas da singileti ba. Kada ya ci goro ko ya sha ruwa yana cikin aiki, kada ya sa baki ya hura kan injin idan ya toshe. Ya gama ya yi wanka da sabulu, a wanke kayan daban. Yara da kaji su kauce har sai ganyen ya bushe sarai. Kwalbar a ɗauraye ta sau uku, a juye ruwan cikin injin, a huda ta don kada 'yan gwangwan su sayar a zuba manja. Nan birni yana da wurin karɓar irin wannan shara, can sai ka zama hukumar kanka. Kada ruwan wanki ya je kwata ko kusa da rijiya.

Aya-ayar da na hango kusa da famfo kuwa, wannan maganin ba zai yi mata wani abin kirki ba, ba dangin faffaɗan ganye ba ce. Ita da tsidaun gefen katanga, a ganina filin naka bai kai girman da zai gagari fartanya ba. A tono su bayan an yi ruwa, ƙasa na da laushi, kafin tsidau ya zubar da ƙaya. Idan hakan bai wadatar ba, ka ɗauki hoton gaba da bayan kwalbar ka turo mini ta WhatsApp tun kana shagon, mu karanta tare. A gaishe da Hajiya.